Sabuwar dokar laifuffuka ba ta iso zaurukan Zariya ba tukuna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan dokokin hukunta laifuffuka na Jihar Kaduna. Ni tsohon magatakardan kotu ne, na fara aiki tun zamanin kotunan yanki, yanzu na ajiye ina zaune a Tudun Wada, Zariya. Ni ba lauya ba ne. Sai dai na daɗe ina zama ƙasan teburin alƙali ina jin yadda ake shari'a, kuma har gobe in an kama ɗan wani a unguwarmu, gidana ake fara yin sallama kafin a tuna da lauya. Tambayoyin da masu sallamar nan ke yi mini su suka nuna mini cewa an canja doka a Kaduna, amma mutanen da aka canja ta dominsu ba su da labari.

A 2017 Gwamna Nasiru El-Rufai ya sa hannu a kan dokoki biyu. Ɗaya sabon kundin Pinal Kod ne, wanda ya jera laifuffuka da hukuncin kowanne. Ɗayar ita ce dokar gudanar da shari'ar laifuffuka, wadda ta tsara yadda za a bi da mutum tun daga ranar da aka kama shi har ranar yanke hukunci, kuma ta bi sawun dokar tarayya ta 2015 da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu. Tsohon kundin da muka yi aiki da shi an rubuta shi ne a 1959, ya fara aiki a 1960 ana gab da karɓar 'yancin kai. Asalinsa na Sudan ne, na Sudan ɗin kuma daga na Indiya na 1860 aka ciro shi, kuma Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, shi ya shugabanci kwamitin masana da ya ba gwamnatin Arewa shawara a 1958. Ya yi mana aiki, amma ya tsufa, har tarar da aka rubuta wa wasu laifuffuka ta koma abin dariya, ko kuɗin acaba daga Ƙofar Doka zuwa Sabon Gari ba ta kai ba. Gyara ya zama dole, ban ja da wannan ba.

Abin da nake so matasan Zariya su sani shi ne, lokacin da gwamnatin Sardauna ta kawo wancan kundi, ba ta buga shi ta ajiye a kabad ba. Nan garin, a Makarantar Koyon Sha'anin Mulki ta Kongo, aka riƙa tara alƙalai da malaman kotu daga lardunan Arewa ana yi musu kwas a kan sabon tsari. Tsofaffin da na tarar a aiki suna alfahari da kwas ɗin Kongo. A yau a harabar nan ce tsangayar koyon aikin lauya ta Jami'ar Ahmadu Bello take, amma ka fita ƙofarta ka tare mai kayan miya ko ɗan acaba ka tambaye shi kwana nawa doka ta yarda a tsare shi a caji ofis, zai ce maka sai yadda Oga ya ga dama.

In ka tambayi mutane me suka sani game da gyaran, abu ɗaya za su faɗa maka, wato dandaƙar masu fyaɗe. Gaskiya ne a watan Satumba na 2020 an yi wa sashe na 258 na Pinal Kod kwaskwarima. Wanda aka samu da laifin yi wa yarinya ko yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe, hukuncinsa dandaƙa da kisa. In wadda aka yi wa ta haura 14, dandaƙa da ɗaurin rai da rai. Mace ma in ta aikata da yaro akwai tiyatar da aka tanadar mata. An yi ta muhawara a rediyo da majalisun shayi. Zan dawo kan wannan. Amma cikin mutum ɗari da ke taka caji ofis, nawa ne maganarsu ta fyaɗe ce? Yawanci bashi ne, ko faɗan maƙwabta, ko waya ta ɓace, ko an yi kamen dare an haɗa da wanda ya fito sayen maganin sauro. Su waɗannan, sassan da suka shafe su ba wanda ya karanta musu.

Bari in fara da bashi, don shi ya fi kawo mutane zaurena. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ke aiki a duk faɗin Najeriya, ya hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko ana bin sa kuɗi. Ɗan sanda ba ɗan karɓar bashi ba ne. Mu da kanmu muka mai da shi haka, kuma mun san dabarar. Ba a rubuta "ina bin sa bashi" a takardar ƙorafi, sai a rubuta "zamba cikin aminci da damfara", nan take maganar ciniki ta rikiɗe ta koma laifi. Alhali akwai bambanci, kuma kowane ɗan kasuwa zai gane shi in an yi masa bayani. Mutum ya ɗauki buhun masara ashirin a kasuwar Giwa da alkawarin zai biya bayan wata biyu, farashi ya karye, ya kasa biya. Wannan bashi ne, wurinsa kotun Shari'a ko ɓangaren ƙarar hakki na sauran kotuna, inda alƙali zai yanke yadda za a biya, in ta kama a sayar da kadararsa. In kuwa amana aka ba shi buhunan ya kai wa wani a Dawanau, ya karkatar ya sayar ya sa kuɗin aljihu, ya ci amana, laifi ne. In tun farko ƙarya ya shirga, ya ce yana da kwangila da wani kamfani alhali babu, don a sakar masa kayan, damfara ce, laifi ne. Abin dubawa shi ne me aka danƙa masa, da wane sharaɗi, kuma me ke zuciyarsa ranar da ya karɓa. Na ga mutanen kirki sun kwana bayan kanta a kan bashin da ko musunsa ba su yi ba, sannan aka sa su rubuta alkawarin biya a gaban ɗan sanda, matansu na sayar da kayan ɗaki. Shi ma mai bin bashin ba ya tsira, don sai ya yanka wani abu daga abin da aka karɓo masa.

Na biyu da ke ci mini rai shi ne kama wani a madadin wani. Yaro ya yi faɗa ya gudu, sai a zo a tafi da tsohonsa, ko matarsa da goyo a baya, a ce sai ya kawo kansa. Wani dattijo maƙwabcina, mai ciwon suga, haka ya kwana a wani ofishi da ba zan ambata ba saboda ɗansa da ya bar gari. Da na je na ce wa jami'in da ke kan teburi sashe na 36 na dokarsu ya haramta wannan ƙarara, bai yi mini gardama ba, ya sani. Abin da ya dogara da shi shi ne mu ba mu sani ba. Da la'asar aka sallami dattijon. Da ya dawo gida bai yi fushi da kowa ba sai ɗansa, don shi a ganinsa haka doka take, uba ne ke ɗaukar laifin ɗa.

Sai maganar kwanaki. Wannan ma ba sabuwa ba ce, tana cikin sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999. In akwai kotun da ke da hurumi a cikin tazarar kilomita 40, kwana ɗaya ne a kai mutum gabanta. In babu, kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. Laifin da hukuncinsa kisa ne kawai aka keɓe. To a Zariya wane caji ofis ne ya yi nisan kilomita 40 da kotu? Ga majistare a Ƙofar Fada, ga na Cediya, ga Babbar Kotu a Dogarawa. Shi ya sa masu son wulaƙanta abokin gaba suka ƙware da kamun Juma'a da yamma, don sun san sai Litinin kotu za ta zauna. Maganin wannan shi ne belin 'yan sanda, kuma kyauta ne, har a bangon ofisoshin an manna. Na san mai karatu zai yi murmushi a nan. Ni ma na yi. Amma na lura wanda ya je da natsuwa, da mai tsaya masa da katin shaida da adireshi sananne, ya nemi ganin DPO da kansa in ƙananan sun yi masa kwana-kwana, ba ya biyan abin da mai rawar jiki ke biya. Kuma mace tana iya tsaya wa mutum a beli. Dokar tarayya ta 2015 ta faɗe shi a fili, sashe na 42 na Tsarin Mulki kuma ya hana bambanci saboda jinsi. Sau da yawa uwa ce ke da gida da sana'a a hannu, amma a kore ta a ce ta nemo namiji, ta je ta ɗauko wani ƙanin miji da ko haya ba ya iya biya.

Yanzu ga inda na fi so Edita ya bar mini fili, wato bakin mutum. Mu Hausawa an tarbiyyantar da mu a kan cewa in babba ya tuhume ka, ka durƙusa ka ce a yi haƙuri, ko da kai ke da gaskiya, daga baya a warware. Wannan ladabi yana da kyau a gaban mahaifi da mai unguwa. A gaban kotu yana ɗaure mutum. A kotun majistare ana karanta wa wanda ake zargi takardar da 'yan sanda suka kawo, wadda ake kira FIR, a tambaye shi ko gaskiya ne. In ya amsa, alƙali na da ikon yanke masa hukunci a zaman nan ba tare da an kira shaida ko ɗaya ba. Sau nawa na ji matashi ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa, ba zan ƙara ba," alhali da za ka zauna da shi minti goma za ka gane ko abin da aka karanta bai fahimta ba. Wani kuma tun a hanya an raɗa masa cewa in ya amsa za a ci shi tara kaɗan ya tafi gida. Alƙali mai tsoron Allah yakan tsaya ya sake tambaya, ya tabbatar. Ba kullum ake samun wannan haƙuri ba a ranar da fayil talatin ke jira.

Doka ta ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. Ta ce a gaya masa dalilin kama shi da harshen da yake ji. Ta ce a sanar da danginsa inda yake, ba tare da an karɓi kuɗin kati ba. In zai ba da sitatimen, yana da damar a ɗauka a gaban lauyansa, in ba shi da lauya a gaban jami'in Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko wani da ya amince da shi, in ba ya jin Turanci a kawo tafinta, shi ma tafintan ya sa hannu. Sabon tsari ya kawo batun ɗaukar ikirari a bidiyo, don a rage "ni ban faɗa ba" da "duka na sha". Dokar Shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar ikirarin da aka tatsa da azaba, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 kuma ta sa ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya azabtar da wanda ke hannunsa. Duk da haka abin da nake gaya wa yaran unguwa gajere ne. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka da Hausa ba. Kada ka yi rashin kunya, kada ka yi kokawa, ka ba da sunanka da na mahaifinka da inda kake zaune, sauran ka ce sai naka sun zo. A kotu kuma in ba ka aikata ba, ka ce ba ka aikata ba da baki ɗaya, wannan ba raini ba ne. Mai ƙara ne zai kawo hujja, sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ɗauke ka marar laifi har sai an tabbatar, tafinta kuma hakkinka ne kyauta.

Ba na so a ɗauka na zo yin tsifar 'yan sanda ne. Na san ofishin da mai ƙara ke sayen takarda da biro, ya zuba wa mota mai kafin a je duba inda aka yi sata. Wanda ba a ba shi takarda ba, ina zai samo kyamarar bidiyo? Majalisa ta rubuta doka irin ta masu hali, kasafin kuɗi bai bi ta ba. Dokar 'Yan Sanda ta ce majistare ya riƙa zagaya wuraren tsare mutane aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba rajista, ya ba da beli inda ya dace. Wannan tanadi ne mai kyau ƙwarai, ranar da aka ji majistare na tafe sai ka ga bayan kanta ya yi sauƙi. Ina roƙon Babban Jojin Jiha ya riƙa bin diddigin wannan zagaye, a kuma sanar da jama'a cewa akwai shi.

Mafi munin rami shi ne na jiran shari'a. Laifi irin kisan kai ko fashi da makami majistare ba shi da hurumin saurarensa, na Babbar Kotu ne. Sai a kawo mutum gabansa don kawai a sami izinin ajiye shi a gidan yari, a ce ana jiran shawarar lauyoyin Ma'aikatar Shari'a. A da, nan ake mantawa da mutum. Fayil ya maƙale tsakanin ofishin bincike da Kaduna, ɗan sandan da ya yi binciken a yi masa canjin wurin aiki, shekara ta zagayo. A ƙasar nan kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yari ba a yanke musu hukunci ba. An canja wa gidajen suna a 2019 sun koma na gyaran hali, cunkoson yana nan. Sabon tsari ya sa wa wannan ajiya wa'adi. A dokar tarayya kwana 14 ne a karon farko, in za a ƙara sai an dawo gaban alƙali an faɗi dalili, in dalili ya ƙare alƙali na iya ba da beli ko ya sallami mutum, dokar jiharmu ma ta ɗauki wannan hanya ta ƙayyade kwanaki. Amma wa'adi ba ya tuna da kansa. Dangi su riƙe sunan kotu, da lambar ƙara, da ranar da aka ba da umarnin ajiya, su rubuta a takarda su adana. Ba tare da waɗannan uku ba, ko lauyan da ya yi niyyar taimako kyauta ba shi da inda zai kama. Na sha ganin uwa tana kai tuwo gidan yari wata da watanni, ka tambaye ta wace kotu ce ta ajiye ɗanta, ta ce ita dai an ce mata yana hannun hukuma.

In koma kan fyaɗe kamar yadda na alkawarta. Ra'ayina, kuma na san wasu za su ji haushi, shi ne tsananin hukuncin bai kai muhimmancin awoyin farko ba. Kotu da hujja take aiki. Abin da muke yi kuwa shi ne a yi wa yarinya wanka da ruwan zafi, a wanke tufafinta ko a ƙona, a rufe ƙofa a yi shawara kwana uku, sannan a tafi wurin mai unguwa. Kafin a isa asibiti babu abin da likita zai rubuta. A kai ta asibiti a ranar, da kayan jikinta yadda suke. Akwai cibiyar Salama da ke kula da irin wannan a asibitin Gambo Sawaba, kuma maganin kariya daga cutar ƙanjamau a cikin awa 72 yake amfani. Wani abin kuma, tunda yawanci mai laifin na gida ne ko maƙwabci, da aka ce hukuncin kisa ne sai matsin lamba a kan iyayen yarinya ya ƙaru: "Za ku sa a kashe ɗan'uwanku?" Sai a janye, shaidu su ɓace. Jama'a su sani doka ta yarda da sulhu a ƙananan laifuffuka irin su zagi, da ɗan rauni, da shiga gonar wani, kuma ni mai goyon bayan sulhun ne, ya fi a cika kotu da faɗan kishiyoyi. Fyaɗe ba ya cikinsu. Ba hakkin uba ba ne ya yafe, ba na mai unguwa ba ne ya kashe wutar.

Akwai sassa masu sauƙaƙawa da ba a cika amfani da su ba, kamar a sa mai ƙaramin laifi aikin gayya na share asibiti ko kasuwa maimakon ɗauri, da umartar mai laifi ya biya wanda ya cuta diyya. Wanda aka sace wa akuya, akuyarsa yake so, ɗaurin wata shida ba ya mai da masa ita. Kuma a tuna tun zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi jihar nan ke da kotunan Shari'a da na gargajiya a gefen na majistare, amma hakkokin da Tsarin Mulki ya bai wa wanda ake tuhuma suna bin sa duk kotun da aka kai shi.

Roƙona uku ne, kuma ba masu tsada ba ne. Ma'aikatar Shari'a ta fitar da ɗan littafi da Hausa, boko da ajami, wanda bai wuce shafi ashirin ba, a kan kama da beli da sitatimen da ajiya, a raba wa masu unguwanni da limamai da shugabannin kasuwa da na 'yan acaba. Malaman Kongo da ƙungiyar lauyoyi reshen Zariya su turo ɗalibansu zaurukan Limanci da Kwarbai da Tudun Jukun da Hayin Dogo, ko da sau ɗaya a zango, su zauna a tabarma su amsa tambayoyi, Masarautar Zazzau kuma na tabbata ba za ta ƙi ba su masu unguwanni ba. Kai kuma Malam Edita, ka ware rabin shafi duk mako, ka samo lauya mai jin Hausar kasuwa ba ta littafi kaɗai ba, ya riƙa ɗaukar sashe ɗaya yana warware shi da misali. In ya rasa ta inda zai fara, ya fara da bashi da kamun Juma'a, zai ga yawan wasiƙun da za su biyo baya.

Wassalam.

Naka,
Tsohon magatakardan kotu,
Tudun Wada, Zariya.